Ranar da Datti Ya Ɓuya da Jan Wando

Malam Datti akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati da ke Doka, yana zaune a gidan haya a Unguwar Kanawa da matarsa Kaltume. Allah ya hore masa tumbi daidai misali, ya kuma hore masa baki wanda ya wuce misali. Babu abin da za a ambata a gabansa ya ce bai taɓa yi ba. In ana hirar dambe, shi ne ya bar dambe don tausayin 'ya'yan mutane. In ana hirar farauta, tun yana yaro namun daji suka san warinsa suka yi ƙaura. Mutanen unguwa sun saba, sukan ƙyale shi ya yi ta zuba, tunda cika bakin nasa bai taɓa jawo wa kowa asara ba. Haka ake zaune lafiya har shekarar da ya ce zai shiga gasar wasa uku.

Zamanin soja ne, lokacin sharar dole, masu duba-gari suna bi gida-gida suna leƙa randuna. Wata Litinin da yamma Datti ya taso daga aiki, ya jingine babur ɗinsa a ƙofar shagon Audi tela, amininsa kuma maƙwabcinsa, ya shiga yana hura hanci.

"Audi, ajiye almakashin nan. Yau za ka auna gwarzo."

"Yana ina?" in ji Audi, ko ɗaga kai bai yi ba.

Datti ya ja benci ya zauna ya yi bayani. Akwai wani kulob na ma'aikatan kamfanoni can bayan Doka, Turawa da Indiyawa da 'yan bokonmu, za su yi gasa. Mutum ɗaya, wasa uku. Zai faɗa tafkin kulob ya yi iyo, ya fito ya haye keke ya tafi Katabu ya juyo Kawo, ya yar da keken a nan, ya zuba da gudu har ya koma kulob.

Audi ya tsayar da ɗinki. "Wa ya biyo shi?"

"Wa ya biyo wa?"

"Shi mutumin. Wanda ya faɗa ruwa, ya fito ya ɗare keke, ya jefar da keken ya ranta a na kare. Ai wannan ba wasa yake ba, wani abu ya ɗauka."

"Ka ji matsalar rashin ilimi. Motsa jiki ne. Kuma ni zan zo na ɗaya."

"Ka iya iyo?"

"Ni? Ai kifi ne kawai ya riga ni shiga ruwa."

"Kai da kwata ma sai ka yi bisimilla sau uku kafin ka tsallaka?"

Datti bai kula shi ba. Ya miƙe ya ɗaga hannuwa ya ce a auna shi, a ɗinka masa gajeren wando ja, wanda za a hango daga nesa a san mai nasara ne ke tafe. Audi ya tambayi inda wandon zai tsaya. Datti ya nuna sama da gwiwa. Audi ya nemi tsari daga shaiɗan, ya ce, "Kaltume ta sani?" Datti ya ce Kaltume tsohon ciki gare ta, likita ya hana a ba ta labari mai daɗi da yawa.

Kafin jan wando ya fito, Datti ya tono wani tsohon gajeren wandon kaki a ƙasan akwati, ya sa farar riga, ya rataya usur a wuya don ya riƙa ba kansa umarni. Bayan sallar asuba ya tsaya a bakin layi, ya busa usur, ya ruga.

Gwaggo Ladidi mai ƙosai ce ta fara hango shi. Ta ga kaki, ta ga usur, ta ga mutum yana tafe da sauri kamar an aiko shi. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Duba-gari! Duba-gari sun yi sammako!"

Kafin ka ce me, unguwa ta hargitse. Mata suka shiga kifar da randuna a kwata, kada a sami tsutsa a ci su tara. Wani ya cusa awakinsa a ɗakin matarsa ya ja ƙofa. Wani dattijo ya fito da tsintsiya yana sharar ƙofar gidan da ba nasa ba. Datti kuwa, da ya ga jama'a suna ta guje-guje, sai ya ɗauka shi suke koyi da shi, ya ƙara busa usur yana cewa, "Haka nake so! A ɗaga gwiwa!"

A zagaye na biyu numfashinsa ya ƙare daidai gaban kaskon Gwaggo Ladidi. Ya dafa bango yana haki. Ta matso ta leƙa fuskarsa.

"Datti? Datti mijin Kaltume? Kai ne ka sa na zubar da ruwan da na kwana biyu ina tarawa?"

A unguwar da famfo ke zuwa in ya ga dama, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Ranar nan Datti bai tafi ofis ba sai da ya cika randunan layin kaf daga rijiyar masallaci, mata suna tsaye a kansa suna nuna masa wadda ta rage. Da Audi ya zo wucewa ya same shi da garwa biyu a kafaɗa, Datti ya ce masa da ma yana cikin tsarin horon, ƙarfafa kafaɗa ake kira.

Sai aka koma kan keke. Ya ajiye babur, ya ari wani tsohon baƙin keke mai ƙararrawa, ya ce daga yau da shi zai riƙa zuwa aiki, kuma motar da ta riga shi isa Doka ta gode wa Allah. Abin da bai lissafa ba shi ne gaisuwa. Duk surutun Datti, uwarsa ta yi masa tarbiyya ɗaya da ta kama jikinsa: ba ya iya wuce babba bai sauka ya gaishe shi ba. Unguwar Kanawa kuwa dattawa ne a kowace inuwa. Yana taka feda sau biyar zai ja birki ya sauka, a yi ina kwana, a tambayi mai ciki, a tambayi aiki, a tambayi zafi. Ya hau, ya taka, ga liman. Ya hau, ya taka, ga mai unguwa. Kafin ya fita babban titi, masu tafiya a ƙafa sun kai Doka sun sha shayi.

A ofis kuwa gajiya ta riƙa kwashe shi a kan tebur. Wata rana ogansa ya shigo ya tarar da shi ya kifa kai yana minshari, ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur suna ta juyawa suna tuƙa keken da babu. Oga ya buga tebur. Datti ya zabura ya ce, "A ba ni hanya!" Oga ya ce zai ba shi hanya har bakin ƙofa in bai shiga taitayinsa ba.

Iyo a gida ya fara shi. Ya kwanta rubda ciki a kan benci a tsakar gida, yana wurga hannuwa da ƙafafu, yana juya kai yana shaƙar iska. Kaltume tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, ta dube shi ta dubi cikinta.

"Malam, in aljanu ne ka gaya mini, a kira Baba ya zo da rubutu."

"Iyo nake koya."

"To ka yi a hankali kada ka nutse, ban iya ceto ba."

"Ki yi dariyarki. Ranar da aka kawo kofi gidan nan, ke za ki rasa inda za ki ajiye shi."

"Ni dai ka tsaya kusa da gida," in ji ta, murya ta sauya. "Wata ya tsaya. Ina jin tsoro, ban taɓa yi ba."

Datti ya ce ko ƙofar gida ba zai wuce ba. Da gaske yake a lokacin, don yana son Kaltume, so na haƙiƙa. Amma ranar Lahadi da safe, saura mako guda gasa, sai ya tuna bai taɓa jiƙa iyon nasa da ruwa ba. Ya ce mata zai je sayen reza, ya ɗauki keke da sabon jan wandonsa ya miƙa Katabu, inda aka ce masa akwai kududdufin masu yin tubali.

Ya sami kududdufin, ya sami masu aikin suna kwaɓa ƙasa. Ya tuɓe, ya sa jan wando, ya hau tudu, ya ce musu su matsa su ga yadda ake yi a ƙasashen waje. Ɗayansu ya buɗe baki zai yi magana, Datti ya ɗaga masa hannu. Ya yi tsalle, kai a gaba.

Ruwan iyakarsa gwiwa. Abin da ke ƙasa kuwa taɓo ne mai danƙo. Kan Datti ya shige har kafaɗa, ƙafafunsa suka tsaya a sama suna harbin iska. Sai da mutum huɗu suka kama ƙafafun suka ja, sannan ya fito da wata ƙara kamar an cire murfin tulu. Bai ma gama tofar da laka ba ya ce musu zurfin yake aunawa.

Haka ya tuƙo keke zuwa gida, taɓo ya bushe a jikinsa yana tsattsagewa, kayansa a ɗaure a bayan keke don kada su ɓaci. A bakin layi Gwaggo Ladidi ta tare shi. Naƙuda ta kama Kaltume tun fitarsa, an nemi mai sayen reza an rasa, ita ta tsayar da tasi ta kai ta asibiti. An sauka lafiya, namiji.

Murna ta sa Datti ya manta da kamanninsa. Ya juya keke sai asibiti. A barandar ɗakin haihuwa ya yi kiciɓis da surukinsa, Alhaji Maliki, babban ɗan kasuwar hatsi, mutumin da ko dariya sai ya duba hagu da dama yake yi. Alhaji yana tsaye da farar babbar riga a cikin 'yan'uwansa. Ya dubi wannan halitta mai launin tukunya tun daga kai har gwiwoyi, ya juya ya dubi bango.

Washegari aka kira Datti zauren surukinsa. An riga an wuce da Kaltume da jariri gidan Alhaji, can cikin unguwar, don wankan jego kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Datti ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Alhaji ba ya kiran sunan Kaltume, 'yarsa ce ta fari.

"Malam, na ji labarin randuna. Na ji na benci. Jiya kuma na gani da idona. Yarinyar nan ta kusa haihuwa a tasi, mijinta yana Katabu ya dasa kansa a ƙasa."

"Baba, kuskure ne."

"Saurara. In an yi arba'in zan mayar maka da iyalinka. Amma in na sake ji, ko a mafarkin wani, an ga gwiwarka a titi, to za su zauna a nan sai an yaye yaron. Gidan nan ba a rasa tuwo ba."

Datti ya rantse ya maimaita. Ya koma gida ya tarar da ɗaki shiru, babu motsin tukunya, babu mai yi masa tsiya. Abin ya dame shi ƙwarai. Shekara biyu a haka, ai sai ya fara hira da benci. Ya ninke jan wando ya tura ƙarƙashin katifa.

Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma a ofis an riga an san zai shiga gasa, a masallaci an sani, mai shayi ma ya yi alkawarin kafa hotonsa. Ga shi kuma yaron ranar Lahadi aka haife shi, suna ya faɗo ranar Lahadi, ranar gasa. Datti ya kwana biyu yana juya abin, ranar Laraba ya faɗo shagon Audi fuskarsa tana walƙiya.

"Audi, ɗan nan ɗan fari ne ko ba ɗan fari ba?"

"Sai in kana da wani a ɓoye."

"A al'adarmu ta gargajiya, uban ɗan fari yana zama a wurin suna?"

"A da dai ba ya zama. Kunya yake yi, ya gudu gidan aboki ya ɓuya sai an watse." Audi ya tsaya, ya dube shi. "Datti. Kada ka soma."

"Zan ɓuya. Al'ada ce. Inda zan ɓuya kuma ba ruwan kowa."

"Kai ne mai kunya? Kai da ka je asibiti tsirara?"

"Kai za ka wakilce ni. Ka gaya wa liman sunan yaro Yusha'u, sunan mahaifina. Kafin a gama rabon goro na karɓo kofi na dawo na sa babbar riga."

"Hanyar gasar fa? Ba ta bakin unguwar nan za ku wuce ba?"

"Babban titi ne. Gidan Alhaji yana can ciki. Kuma zan sa hular sanyi mai rufe fuska, ko uwata ba za ta gane ni ba."

Da Audi ya kai saƙon cewa uban yaro zai ɓuya, Alhaji Maliki ya gyaɗa kai. Ya ce ashe har yanzu ana samun mai alkunya a cikin 'yan boko. Har ya ce wataƙila ya tsananta wa yaron nan. Audi ya fito daga zauren yana jin kamar shi ya yi sata.

Ranar Lahadi da sassafe aka jeru a bakin tafkin kulob. Datti ya zaɓi ɓangaren da ya fi zurfi, ya ce wancan na yara ne. Aka busa usur, kowa ya faɗa. Datti ya toshe hanci ya bi su. Duk abin da ya koya a kan benci ya yi shi daidai, sai dai benci ba ya nutsewa. Ya yi ƙasa, ya taso, ya cafki ƙafar wani Bature, suka koma tare. Da ƙyar aka zaro shi da doguwar sandar da ake kwashe ganye. Sauran iyon da hannu ya yi shi, yana bin gefen tafki yana jan jiki. Alƙalan gasa suka so su cire shi, Baturen da aka ja wa ƙafa ya ce don Allah a bar shi ya tafi kan keke, ko ina ne dai ya yi nisa da ruwa.

Ya zura hular sanyi, ido kawai a waje, ya hau baƙin kekensa. Ya wuce bakin Unguwar Kanawa ya duƙar da kai, babu wanda ya kula. Yana isa Kawo ya gamu da na gaba sun riga sun juyo. Rana ta ɗaga, hular ulu ta fara dafa masa kai. A Katabu masu tubali suka gane tumbin, suka ajiye aiki suna ihu, "Mai auna zurfi! A dawo lafiya!"

A hanyar dawowa ƙafafu suka ce sun gaji. Sai ga wata tifa tana tafiya a hankali. Datti ya duba gaba ya duba baya, ya kama ƙarfen bayanta. Tifa ta ɗau wuta. Ya wuce wani Ba'indiye, ya wuce wasu 'yan boko biyu, har yana buga musu ƙararrawa yana cewa su je su ƙara horo. Daɗin bai daɗe ba, don tifar ba Kawo za ta ba. Ta karya kwana ta bi hanyar ɗiban yashi, gudu ya yi yawa, Datti yana tsoron saki. Sai da ta tsaya a bakin rafi direba ya sauko ya tarar da mutum mai rufaffiyar fuska manne da motarsa, ya kusa sumewa.

Hantsi ya yi sosai kafin Datti ya turo keke Kawo. Ma'aikatan kulob har sun fara naɗe tuta. Suka karɓi keken, suka ce shi ne na ƙarshe, motar ɗaukar gajiyayyu za ta bi shi a baya. Datti ya ce su ajiye motarsu, yanzu ne ma zai fara. Ya soma gudu da ƙafafu kamar na aro.

Yana zuwa daidai Unguwar Kanawa ya tarar da babban titi a rufe. Tankar mai ta kife, fetur yana malala, 'yan sanda sun hana ko kaza wucewa. Wani ma'aikacin kulob yana tsaye da jar tuta yana nuna wa 'yan gasa wani layi da zai zagaya da su. Datti ya dubi layin. Layin Alhaji Maliki ne.

Ya kwantar wa kansa da hankali cewa ai an daɗe da watsewa daga wurin suna. Bai san tankar nan ta tsare wan Alhaji da ke tahowa daga Zariya ba, an kuma ce ba za a raɗa suna ba sai ya iso. Yanzu ya iso. Layi ya cika maƙil, an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi hagu da dama, an bar 'yar siririyar hanya a tsakiya inda sauran 'yan gasa suka bi ɗazu jama'a suna kallon ikon Allah.

Nan ne ya kamata Datti ya juya ya shiga mota. Amma direban motar ya leƙo ya ce, "Oga, in ka gaji ka hau." Kalmar gajiya ta sosa masa rai. Ya ja hula ya gyara, ya kutsa.

Maroƙi yana tsakiyar aikinsa. "Ina uban yaro? Ba a ganinsa! Datti mai alkunya, Datti ɗan mutunci! Ya ɓuya, ko inuwarsa ba ta fito ba! Wa ya ga Datti? Babu!"

Datti yana tafe a tsakanin tabarmi, gumi yana ɗiga daga hula. Babu wanda ya gane shi sai Audi, wanda ya san ɗinkinsa ko a duhu. Audi ya sunkuyar da kai ya shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Saura taku kaɗan a wuce rumfa. Alhaji Maliki yana zaune a kan darduma kusa da liman. Ya ga wannan bawan Allah na ƙarshe yana jan ƙafa, rana tsaka da hular sanyi, tausayi ya kama shi.

"Sannu, bawan Allah," in ji Alhaji. "Allah ya ba da lafiya."

Datti bai yi shawara da kowa ba, jikinsa ma bai yi shawara da shi ba. Muryar suruki ta daki kunnensa, ƙafafu suka ja birki, hannu ya kai ga takalmi ya zare, gwiwoyi suka lanƙwashe. Kafin hankalinsa ya iso wurin, yana durƙushe a gaban darduma yana cewa da muryarsa da kowa ya sani, "Ranka ya daɗe, Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Ya taro?"

Maroƙi ya tsaya da baki a buɗe. Daga ƙofar gida, inda mata ke leƙe, aka ji Gwaggo Ladidi ta ce, "La ilaha illallahu. Wallahi shi ne."

Datti ya yunƙura zai tashi ya gudu. Jijiyoyin cinyarsa, waɗanda suka sha ruwa suka sha keke suka sha tifa, suka ɗaure tamau. Ya sake yunƙurawa, ya saki 'yar ƙara, ya koma. Ya tsaya a durƙushe, takalmi a hannu, gwiwoyi biyu a waje suna kallon liman.

Wani ƙanen Alhaji ya matso. "Yaya, ai wannan kamar surukin..."

"Surukina yana ɓoye," in ji Alhaji, bai ɗaga murya ba. "Yaro ne mai kunya. Yanzu maroƙi ya gama faɗa, kowa ya ji. Wannan baƙo ne, hanya ta biyo da shi. A ba shi goro."

Aka danƙa wa Datti goro biyu. Labari ya riga ya shiga cikin gida, don an ji guɗa ta yanke, wata irin dariya ta maye gurbinta. Can sai ga Gwaggo Ladidi ta fito da zani a hannu, ta yafa masa a gwiwoyi. "Maijego ta ce a rufa wa baƙo, akwai manya a wurin." Datti ya gane zanin, shi ya saya wa Kaltume. Da ƙasa za ta tsage ta haɗiye shi a lokacin, da ya gode mata.

Alhaji ya juya ga liman ya ce a ci gaba. Audi ya matso ya raɗa wa liman sunan. Liman ya yi addu'a, maroƙi ya farfaɗo ya ɗaga murya: sunan yaro Yusha'u. Jama'a suka shafa. Daga can cikin gida jaririn ya tsala kuka, Datti ya ji shi sarai. Sunan mahaifinsa ne, ɗansa ne, ga shi taku goma tsakaninsu, amma a matsayin mai wucewa ya shafa fatiha. Hawaye suka gangaro cikin hular, suka haɗu da gumi.

Direban kulob ya matso da mota. Da aka ga ƙafafun sun ƙi miƙewa, majiya ƙarfi biyu suka ɗauke shi yadda yake a durƙushe, kamar za a ɗora tulu a kan jaki, suka ajiye shi a baya da zaninsa da goronsa. Direba ya tayar da mota. Alhaji ya ɗaga hannu, aka dakata. Ya taso da kansa, ya zo har gefen motar, ya gyara babbar riga.

"Bawan Allah, na ga kai mai zagaya gari ne. In ka ci karo da surukina a inda ya ɓuya, ka ce masa kada ya yi gaggawar fitowa. Iyalinsa suna hannuna, ba abin da za su rasa. Ranar da yaron ya iya gudu da ƙafarsa, zai je ya nemo shi."

Jama'a suka zuba ido. Hular ta ɗan motsa, aka ji wata siririyar murya daga ciki.

"To, Baba. Zan gaya masa."